Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi Kan Ƙwallon Ƙafa a Ƙasar Yauri

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Kwamared Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



 Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya dafa maka a kan nauyin da ya ɗora maka tun ranar 29 ga Mayu 2023. Ina miƙa gaisuwa ga ubanmu, Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda a ƙasarsa nake rubuta wannan takarda. Allah ya ja zamanin Sarki.

Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina cikin masu tara yara da la'asar su buga ƙwallo a nan Birnin Yauri. Ba da son raina na kawo wannan magana bainar jama'a ba. Ni da abokan aikina mun bi ƙofofin da aka saba bi. Mun rubuta takardu, mun zauna a kan benci muna jiran a kira mu, an karɓe mu da fara'a, an ce mu dawo. Da muka dawo aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Har yau ba mu ji amsa ba, ko da ta a'a ce. Shi ya sa na ga gara in yi magana da kai a inda kowa zai ji. Na san kafin ka zama gwamna alli ka riƙe, har ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, don haka ba sai an yi maka dogon bayani kan abin da filin wasa ke yi wa tarbiyyar yaro ba.

Ga maganar a taƙaice. Masarautar Yauri, da ƙananan hukumominta uku, Yauri da Ngaski da Shanga, ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar Firimiya ta Najeriya ko a rukuni na biyu, NNL, kuma babu wata hanya da aka share da za ta kai mu can. Ba na roƙon gwamnati ta kafa mana ƙungiya ta riƙa biyanta albashi. Zan ma roƙe ka kada ka yi haka, kuma dalilina yana cikin tarihin wani gari da ya fi kowane ƙaramin gari a ƙasar nan ɗanɗana daɗin ƙwallo da ɗacinta.

Garin shi ne Gboko, a ƙasar Tibi ta Jihar Binuwai. Ba can ne fadar gwamnati take ba. Makurɗi ce hedikwata, kamar yadda Birnin Kebbi take a wurinmu. Abin da Gboko ke tinƙaho da shi a wancan zamani kamfanin siminti ne, kuma da sunan kamfanin aka kafa ƙungiyar BCC Lions a 1982. Shekara 7 kacal bayan haka, a 1989, ta doke Iwuanyanwu Nationale ta Owerri a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. Rabon da wata ƙungiyar Arewa ta ɗaga wannan kofi tun 1953 da 'yan Kano suka ci shi, shekara 36 ke nan. Jos ta sha zuwa wasan ƙarshe tana komawa hannu rabbana, sai ga ƙaramin garin siminti ya cire wa Arewa kitse a wuta. A 1990, ƙarƙashin marigayi Shu'aibu Amodu, wanda daga baya ya horar da Super Eagles, BCC Lions ta doke Club Africain ta Tunisiya ta ɗauki kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu. A 1991 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Power Dynamos ta Zambiya ta ƙwace. Ta ƙara cin Kofin Ƙalubale a 1993 da 1994 da 1997, kuma a 1994 ɗin ta haɗa da kofin gasar ƙasa. A wasan 1997, Katsina United ta doke, wadda a lokacin karo na uku ke nan a jere tana zuwa wasan ƙarshe ba ta dace ba.

Duk wanda ya girma yana manne da rediyo a shekarun nan ya san sunan Gboko, ko da bai san ta wace hanya ake zuwa can ba. Wannan shi ne rabin farko na darasin, kuma ina so Mai Girma Gwamna ya riƙe shi: ƙanƙantar gari ba ta hana shi cin Afirka.

Rabi na biyu shi ne mai ciwo. Ƙungiyar aljihu ɗaya ta dogara da shi. Da harkar kamfanin ta fara tangal-tangal a ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyar ta bi sahu, ta faɗo daga babban rukuni. Aka zo sayar da kamfanonin gwamnati, siminti ya koma hannun 'yan kasuwa, kuma tun daga nan BCC Lions ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Yaron da aka haifa a Gboko a 2000 yau magidanci ne, amma labarin ƙungiyar garinsu a bakin iyayensa kawai yake ji. Mutanen garin sun cika fili shekara da shekaru, sun yi ihu har muryoyinsu sun dushe, amma ranar da aka rufe famfon kuɗi ba su da ta cewa, domin ba su mallaki ko turken raga ɗaya a cikinta ba.

Irin wannan labari ya cika Arewa. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dattawa ke tuna ta. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 1988, daga baya ta yi shekaru tana neman inda za ta dafa. Su kuma ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke riƙe da su, kowa ya san ciwonsu: sabuwar gwamnati, sabon kwamiti, sabon koci, ga 'yan wasa na bin bashin albashi. Ba irin wannan nake nema wa Yauri ba.

Akwai wani ƙaramin garin da ya bi ta wata hanya. Ikenne a Jihar Ogun take, kuma can ne gidan Remo Stars. Mai ƙungiyar, Kunle Soname, ya gina filin wasa a garin, ya kafa makarantar rainon yara 'yan ƙwallo, ya yi haƙuri ƙungiyar ta hau ta faɗo ta sake hawa, har a kakar 2024/2025 ta lashe gasar Firimiya ta Najeriya, ta bar manyan ƙungiyoyin Kano da Inugu da Aba da Fatakwal a baya. Dukiyar mai ita ta kamfanin caca ce, hanyar da addininmu ya rufe mana, kuma ba na sha'awar ganin sunan caca a ƙirjin rigar ɗan Yauri. Amma yadda ya jera aikin abin koyi ne. Ya fara da fili, ya bi da yara, ya yi musu rajista, kofi kuma ya zo da ƙafarsa.

In kuwa wani zai ce ai waɗannan duk nesa ne, to ga Jega nan a kan hanyarmu ta zuwa wurinka. A can aka haifi Zaidu Sanusi a 1997, a can ya fara buga ƙwallo. Ya tafi Fotugal ya taka daga ƙananan ƙungiyoyi, Mirandela, sai Santa Clara, har Porto ta saye shi a 2020. Ranar 7 ga Mayu 2022, ana daf da tashi, shi ya zura wa Benfica ƙwallo a gidanta, ƙwallon da ya ba Porto kofin ƙasar. Yana cikin Super Eagles da suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan a Fabrairun 2024. A daren da ya ci Benfica, gidajen kallo na Yelwan Yauri sun yi murna kamar ɗan unguwarsu ne. Washegari yaran da nake horarwa tambaya ɗaya suka yi mini: Malam, mu ta ina za mu bi? Wannan tambaya ce na kawo gabanka.

Kukanmu na farko nisa ne. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991 da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, amma harkar ƙwallon jihar kusan gari ɗaya ta sani. Filin wasa na Haliru Abdu yana Birnin Kebbi. Filin ciyawar roba da FIFA ta ɗauki nauyinsa yana Birnin Kebbi. Kebbi United a can take kwana, a can take tashi. Ba mu yi mata baƙin ciki ba, tamu ce, kuma da ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa a 2024, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta cire ta sannan ta je ta ɗauki kofin, mu ma mun ji a jikinmu. Wannan abin a yaba wa gwamnatinka ne. Sai dai ka duba halin yaron da ke Wara ko Libata. In ya ji ana gwajin 'yan wasa, sai ya nemo kuɗin mota zuwa Yelwa, daga Yelwa ya bi ta Koko da Jega, ya ƙarar da yininsa a hanya, ya sauka a garin da bai san kowa ba, ya kwana a tasha ko a shagon wani ɗan garinsu. Da safe a jefa shi cikin cincirindon yara, a ba shi 'yan mintoci da cikin da babu karin kumallo, a ce ya nuna abin da ya iya. Wanda ya fi shi kuɗin mota shi ke samun gurbi, ko da bai kama ƙafarsa a wasa ba. Mafi yawansu ma ba sa tashi daga gida, domin uba ba zai sayar da buhun shinkafa a kan abin da bai ga alamarsa ba, kuma ban ga laifin uban ba.

Na biyu, fili. Inda muke atisaye ƙasa ce tsurarta, da rani ƙura, da damina taɓo. Turakun raga bututun ruwa ne da wani mai walda ya haɗa mana sadaka. Awaki na ratsawa, masu babur na yanke hanya ta tsakiya, kuma kowace shekara sai ka ga an ɗan ci gefen filin da gini. Duk ƙungiyar da ke son ta karɓi baƙuncin wasan gasar ƙasa sai ta nuna fili mai katanga, da ɗakin sauya kaya, da wurin alƙalan wasa, da tanadin tsaro da na agajin gaggawa. In babu waɗannan, ko mun haɗa yaran da suka fi kowa iya taka leda, sai dai mu je garin wasu mu ari fili, mu buga wasan gida a gaban baƙi. Ƙungiyar da garinta ba ya ganinta kuwa ba za ta yi magoya baya ba, wadda ba ta da magoya baya ba ta da kuɗin ƙofa, daga nan sai roƙo.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, don asara ce da ake tafkawa shiru. Yaranmu ba su da rajista. Suna buga wa ƙungiyoyin unguwa shekara da shekaru, amma babu wata takarda a hukumar ƙwallo da ta nuna wane ya yi wasa a wuri kaza daga shekara kaza zuwa kaza. Ranka ya daɗe, a dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yana da sauran kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A kowane Yuro miliyan 1, Yuro 50,000 ke nan. Akwai kuma kuɗin horo da ake biya in yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a ƙasar waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin tarihin ɗan wasa ta kwamfuta yana tura wa kowace ƙungiya haƙƙinta. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, kuma ta yi wa yaron rajista, ake gani a wannan lissafi. Mu ba a ganinmu. Wani dillali zai zo daga Kaduna ko Abuja ko Legas, ya ga yaro, ya ba iyayensa ɗan abin goro, ya tafi da shi, ya rubuta shi da sunan wata makarantar ƙwallo tasa, wani lokaci har da sauya masa shekaru. In yaron ya dace, riba ta dillali ce. In bai dace ba, a yasar da shi a wani gari, kunya ta hana shi dawowa gida. Kamar manomin albasa ne a bakin kogi ya yi shuka, ya yi ta ban-ruwa har ta nuna, ranar cira wani ya zo da motarsa ya loda buhuna ya tafi, ko sannu bai ce ba. Wannan kuɗi da ke zurarewa shi ne zai iya riƙe ƙungiyar ƙaramin gari ba tare da ta je Gidan Gwamnati da ƙoƙon bara ba, kuma abin da ake buƙata don tare shi bai wuce jami'in rajista ɗaya da kwamfuta ɗaya a Yelwa ba.

Na huɗu, wasannin makarantu sun yi sanyi. A zamaninmu gasar tsakanin gidaje da ta tsakanin makarantu su ne manyan ranakun shekara, daga nan ake gano mai gudu da mai tsalle da mai tsaron raga. Yanzu yaro na iya gama sakandare bai taɓa sa rigar makarantarsa ya fita fili ba. Lokacin da ya kamata ya yi a fili yana yinsa a gidan kallo, ya biya kuɗi ya ga Arsenal da Real Madrid, ya haddace 'yan benci na Barcelona, sannan a bakin ƙofa mai takardar caca na jiransa. Wasu sun bar aji sun gangara ramukan haƙar zinariya. Wasu sun faɗa shaye-shaye. Ba na cewa ƙwallo maganin duka ba ce. Amma na ga yadda yaro ke barin ƙwaya da kansa in ya san ranar Asabar akwai wasa kuma koci zai ajiye shi a benci in ya ga idonsa ya sauya.

A nan dole in taɓo abin da ba mu son tunawa. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa maƙare da mutane ya nutse a kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta nan Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo hannun iyayensu. Tun daga lokacin, in ka ce wa mutum a Legas ko Abuja daga Birnin Yauri kake, abin da ke faɗo masa a rai ke nan. Yaran da nake horarwa a cikin wannan suna suka tashi. Ƙasar da ta ba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shugabanni biyu, Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski da Mai Martaba Sarkinmu na yanzu, ta cancanci a riƙa jin sunanta a rediyo ranar Lahadi da yamma cikin sakamakon wasanni.

Na biyar tsohon bashi ne. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin ya haɗiye tsohuwar Bussa, ya haɗiye tsibirai da gonakin fadama da kakannin Gungawa da maƙwabtansu suka gada, aka tayar da mutane sama da 40,000 daga matsugunansu, masu yawa daga cikinsu talakawan Sarkin Yauri. Wutar da aka samu ta haska biranen ƙasar nan. Saboda irin wannan sadaukarwa aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, tun 2010, kuma ɗan Yauri, Alhaji Abubakar Sadiq Yelwa, shi ya zama manajan daraktanta na farko. Tashar Kainji kuma tun 2013 tana hannun kamfanin Mainstream Energy. Malamin makaranta irina ba shi da bakin da zai tara waɗannan a teburi ɗaya. Gwamna yana da shi. Filin wasa ɗaya mai fitilu a bakin tafkin da ke samar da wutar ba alfarma ba ce mai yawa.

Na san abin da za a faɗa maka a ofis: babu kuɗi, ga tsaro, ga albashi, ga hanyoyi da asibitoci, kuma mutanen ƙauye ba za su biya kuɗin kallo ba. Huɗun farko gaskiya ne, shi ya sa ban nemi albashin kowa ba. Na ƙarshen kuwa duk wanda ya taɓa halartar bikin Rigata a Yelwa ya san ba haka ba ne. Ka ga yadda bakin kogi ke cika maƙil, yadda kowane ƙauye ke fito da kwale-kwalensa da matuƙansa da makaɗansa, yadda mutane ke jure rana don su ga nasu ya zo na ɗaya. Mutanen da suka iya shirya tseren jirage a kan Kogin Neja za su iya shirya gasar ƙwallo. Gasa tana cikin jininmu, tsari ne babu. Kuma Rigata sau ɗaya take zuwa a shekara, ƙwallo kuwa kowane mako ce: mai sayar da soyayyen kifi da mai ruwan sanyi da ɗan kabu-kabu da tela mai ɗinka riguna duk za su samu.

Wani abu ma da ke ba ni mamaki. Kebbi ta yi suna a Najeriya wajen ƙwallon yashi, ƙungiyarta na cikin na gaba-gaba a ƙasa. To, da rani in ruwa ya janye, wa ya kai mu yashi? Yaran masunta a kansa suke tashi, babu takalmi, tun suna rarrafe. Wannan wasa ba ya buƙatar ciyawa ko siminti, turaku da igiya da alƙalin wasa sun isa. Ban ga dalilin da zai hana a riƙa buga shi a makon Rigata ba.

Ita ƙungiyar da muke mafarki, ta gari muke so ta zama. A yanka katin zama ɗan ƙungiya a farashin da mai sayar da kifin warangi zai iya biya, kowane mai kati yana da ƙuri'a ɗaya, su zaɓi shugabanni, a karanta musu lissafin kuɗi a fili duk shekara. Dillalan kifi da na albasa, masu injin casar shinkafa, masu jiragen ruwa, direbobi, da 'ya'yan Yauri da ke Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas, kowa ya sa abin da zai iya. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Barcelona da yaranmu ke hana kansu barci a kanta mallakar masu kati ce, su ke zaɓen shugabanta. A Jamus doka ce ta hukumar gasarsu cewa 'yan ƙungiya su ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. In an yi haka, ko gwamnati ta sauya, ko wani attajiri ya yi fushi ya janye, ƙungiya na nan. Mai Martaba Sarki shi ne zai zama uban ƙungiya, kuma fada ce ta dace ta raɗa mata suna. Rabon gwamnati shi ne abin da talaka ba zai iya yi wa kansa ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙonmu.

Muna roƙon ka samar wa masarautar Yauri filin wasa ɗaya a Yelwa wanda ya cika sharuɗɗan gasar ƙasa, da katanga da ɗakunan sauya kaya da ruwa da fitilu, kuma ka gayyaci HYPPADEC da kamfanin da ke riƙe da tashar Kainji su ɗauki kasonsu. Muna roƙon a bayyana kuɗin kwangilar da sunan ɗan kwangila a allo a bakin filin tun ranar da aka sa harsashi. Ka ga irin ce-ce-ku-cen da ya tashi a 2025 kan filin FIFA na Birnin Kebbi da kuɗinsa na kusan Dala miliyan 1.2, ba ma son namu ya zama abin tambaya.

Muna roƙon ka ba da umarni a auna filayen wasa na makarantu da na unguwanni a Yauri da Ngaski da Shanga, a ba su takarda, a hana yanka su filoti.

Muna roƙon ka sa ma'aikatar matasa da wasanni ta haɗa hannu da hukumar ƙwallo ta jiha a buɗe teburin rajista a Yelwa, a yi wa ƙungiyoyin unguwa da yaransu rajista da shekarunsu na gaskiya, a kuma horar da masu horarwa da alƙalan wasa daga cikinmu.

Muna roƙon a kafa gasar masarauta da za a riƙa bugawa da rani, bayan an kawar da amfanin gona, kowace gunduma ta fito da tata. Ƙungiyoyin da za su ƙetare ruwa a tanadar musu jirgi mai lafiya da rigunan kariya, kuma kada a sa wasan da zai tilasta musu komawa gida da dare. Daga wannan gasa za a tsamo yaran da za su kafa ƙungiyar gari, gwamnati ta biya mata kuɗin shiga gasar rukuni na uku, NLO, da na sufuri na kaka biyu kawai, daga nan ta sakar mana ita. Abin da aka yi mana a yi wa Zuru da Argungu, domin sai da abokan karawa na kusa ƙwallo ke daɗi.

Muna roƙon a dawo da gasar makarantun firamare da sakandare cikin jadawalin karatu, da ɗan kasafinta, maza da mata, kowa bisa tsarin da iyaye za su aminta da shi. Kafin filinmu ya kammala kuma, a sa Kebbi United ta riƙa zuwa Yelwa sau ɗaya a shekara ta yi gwajin 'yan wasa a nan, ta buga wasan sada zumunci da zaɓaɓɓun yaranmu.

Roƙo na ƙarshe shi ne amsa. Ko dukan waɗannan za su yiwu, ko rabi, ko ɗaya, muna so mu ji daga bakinka, da lokacin da za a fara. In ka zo Rigata mai zuwa, ka ware mana rabin sa'a, ka zo filin da muke atisaye ba tare da an share shi dominka ba, ka ga yaran da idonka, ka tambaye su da kanka.

Allah ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka, ya zaunar da Jihar Kebbi lafiya, ya kare mana yaranmu a tudu da a ruwa.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Malamin makaranta kuma mai horar da yara ƙwallo,
Birnin Yauri, Ƙaramar Hukumar Ngaski.